Tsokar Ƙwauri: Naman Da Ke Ɗaga Mana Ƙafa

A filin lafiya na wannan wata za mu duba wani nama da ke jikin kowa, amma ba kowa ya san aikinsa ba. Naman nan yana tsakanin gwiwa da idon sawu, a gefen ƙashin ƙwauri.

Wata ranar Alhamis ina zaune a wata rumfa a kasuwar Maigatari, sai ga wani saurayi ya fito daga kara. Tafiyarsa ce ta sa na dube shi. In zai taka da ƙafar hagu sai ya ɗaga gwiwa sama, kamar mai hawan tsani. Sannan ƙafar ta faɗi ƙasa, fat! Bakin takalminsa na hagu duk ya cinye saboda jan ƙasa.

Bayan mun gaisa na tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce shekara biyu da suka wuce wani sa ya harbe shi a ƙwauri, ƙashi ya karye. Aka yi masa ɗori a gida, aka ɗaure tam. Daren nan bai runtsa ba saboda azaba. Aka ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. Ƙashi kuwa ya haɗe sumul. Amma tun daga nan ƙafar ba ta ƙara ɗaguwa ba.

Ƙashin saurayin nan lafiya lau yake. Naman da ke gefen ƙashin ne ya mutu. Da shi da iyayensa sun san yadda wurin yake, da watakila bai nakasa ba. Dalilin wannan bayani ke nan.

TAƁA KA JI

Zauna ka miƙe ƙafa. Ɗora hannu a kan ƙwaurinka. Za ka ji ƙashi mai kaifi ya miƙe daga gwiwa har idon sawu. Wannan shi ne babban ƙashin ƙwauri, wasu kuma su ce sangali. Shi ke ɗaukar yawancin nauyin jiki. Ta wajen ciki babu nama a kansa, fata ce kurum ta rufe shi. Shi ya sa in turmi ko ƙotar fartanya ta buge ka a nan sai ka ji har cikin kai.

Akwai ƙashi na biyu, siriri, yana kwance ta wajen waje. Kansa na sama yana ƙasan gwiwa kaɗan, ta gefe. In ka laluba za ka ji wani ɗan ƙullutu a wurin. Riƙe wurin nan a ka, za mu komo kansa. Kansa na ƙasa kuwa shi ne idon sawu na waje.

Yanzu gusa da yatsunka daga kaifin ƙashi zuwa waje kaɗan. Za ka ji nama mai laushi. Bar diddigenka a ƙasa, ka ɗaga yatsun ƙafa sama. Ka ji naman ya yi tauri? To, waɗannan su ne tsokokin gaban ƙwauri.

JIJIYA IRI UKU CE

Kafin mu ci gaba, sai mun warware wata kalma. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya, alhali kowanne aikinsa daban.

Ta farko ita ce jijiyar jini. Ita kamar bututu take, jini ke gudu a cikinta.

Ta biyu ita ce jijiyar saƙo. Daga laka take fitowa, wato farin abin nan da ke cikin ƙashin baya. Ita ke kai wa tsoka umarni daga ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma ke sa mu ji zafi ko sanyi ko taɓi.

Ta uku ita ce farar jijiya mai tauri wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Ita ce agara. Duk wanda ya taɓa wasa da ƙafar kaza yana yaro ya san ta. In ka ja farar igiyar nan sai yatsun kaza su motsa. Haka namu yake. Tsoka tana can sama a ƙwauri, amma igiyarta ta sauko har yatsu. In tsoka ta tsuke sai ta ja igiya, igiya ta ja ƙashi.

TSOKA HUƊU A WURI ƊAYA

Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600. Huɗu daga cikinsu ne ke gaban ƙwauri.

1. Babbar tsokar ƙwauri. Ita ce wadda ka fara taɓawa, tana manne da babban ƙashi. Likitoci suna kiranta tibiyalis, daga sunan ƙashin ƙwauri a harshen Latin. Agararta ta sauko ta gaban idon sawu, ta karkata wajen ciki, ta kama ƙashin da ke gindin babban yatsa. In ka ɗaga ƙafa za ka ga agarar nan ta fito fili, kaurinta kamar fensir. Aikinta ɗaga ƙafa sama, da juya tafin ƙafa ya dubi ciki. Ita ce ta fi sauran ƙarfi.

2. Tsokar babban yatsa. Ita siririya ce, tana ɓoye tsakanin 'yan uwanta. Agararta ta tafi har ƙarshen babban yatsa. Ɗaga babban yatsanka shi kaɗai, za ka ga igiyarta ta miƙe a saman ƙafa.

3. Tsokar yatsu huɗu. Daga sama take tasowa, kusa da gwiwa. In ta iso saman ƙafa sai agararta ta rabu gida huɗu, kowane reshe ya nufi yatsa ɗaya. Ita ke ɗaga ƙananan yatsu.

4. 'Yar auta. Ita ce ƙaramarsu. Tana kama ƙashin da ke gindin ƙaramin yatsa, tana taimakawa wajen ɗaga gefen ƙafa na waje. Wasu mutane ba su da ita sam, kuma ba abin da ya rage su.

A gaban idon sawu akwai wani tantani mai ƙarfi da ya kewaye agarar nan duka kamar ɗamara. Shi ke danne su kada su tashi kamar tsirkiyar baka in an ɗaga ƙafa.

AIKINSU A TAFIYA

A kowane taki tsokokin nan suna aiki biyu.

Na farko, in ka ɗauke ƙafa daga ƙasa za ka kai ta gaba, su ne ke ɗaga yatsu don kada su shari ƙasa. Na biyu, in diddige ya sauka, su ne ke riƙe gaban ƙafa su ajiye shi a hankali. Ba don su ba, da ƙafa ta riƙa faɗuwa da ƙara kamar an mari tabarma.

Naman baya, wato sha-raɓa, shi ke tura mutum gaba. Naman gaba kuwa shi ke share wa ƙafa hanya. Dole sai da su biyun tafiya ke yin kyau.

Ƙasarmu ta Gumel rairayi ce. Mai tafiya cikin rairayi yana ɗaga ƙafa fiye da mai tafiya kan tsandauri. Manomi mai bin sungumi ran shuka, da makiyayi mai koro shanu daga Sule Tankarkar, da matar da ke kai abinci gona a Gagarawa, duk da tsokokin nan suke aiki tun safe har yamma. Direba ma da su yake ɗauke ƙafa daga totur ya kai birki. Tela mai keken ƙafa shi ma haka. Don haka in ka sha doguwar tafiya ka ji ƙwaurinka na tsami, gajiya ce kawai. Hutu zai kawar da ita.

ƊAKI MAI ƘUNCI

Ga abin da ya fi muhimmanci a bayanin nan. A karanta shi da kyau.

Tsokokin nan huɗu ba a sake suke ba. Suna cikin wani ɗaki ne mai ƙunci. Ƙashi ya tare su ta gefe biyu. Ta baya akwai tantanin da ya haɗa ƙasusuwan. Ta gaba kuma wani farin tantani mai tauri ya lulluɓe su. Mahauta sun san farin tantanin nan da ke rufe tsoka. Ba ya miƙewa kamar roba. Irin ɗakunan nan huɗu ne a ƙasan gwiwa, amma na gaba ya fi saurin shiga haɗari.

A cikin ɗakin nan, tare da tsokokin, akwai babbar jijiyar jini guda ɗaya da ke ciyar da su. In ta wuce idon sawu ana jin bugawarta a saman ƙafa, kusa da agarar babban yatsa. Akwai kuma jijiyar saƙo guda ɗaya da ke ba su umarni.

To, a ce ka cika gora da wake, ka zuba ruwa, ka toshe bakinta. Wake zai kumbura, amma ba shi da wurin zuwa. Haka yake faruwa in ƙwauri ya karye ko ya sha mummunan bugu. Jini ya taru a ciki, nama ya kumbura, ɗaki kuwa ba ya buɗewa. Sai naman ya matse ƙananan hanyoyin jininsa da kansa. In aka ƙara da ɗauri mai tsanani daga waje, abin ya zama biyu. Naman da jini bai isa gare shi ba yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6. Naman da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Abin da ya sami saurayin kasuwar Maigatari ke nan.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Ba muna raina masu ɗori ba ne. Sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun daɗe suna zuwa wurinsu. Amma ko ɗorin gida ne, ko filastar asibiti, in ya matse da yawa ɓarna yake yi. In an ɗaure wa wani ƙafa, a lura da waɗannan:

1. Zafi mai tsanani da ke ta ƙaruwa, ko an sha magani ba ya sauka.

2. In an lanƙwasa masa yatsu ƙasa a hankali sai ya yi ƙara.

3. Ƙwauri ya kumbura ya yi tauri kamar itace.

4. Tsakanin babban yatsa da mai bi masa ya mutu, ko yana jin kamar tururuwa na yawo a wurin.

5. Ya kasa ɗaga yatsu.

6. Yatsu sun yi sanyi ko sun sake launi. Wannan alama ta ƙarshe ce, kada a jira ta.

In an ga ko ɗaya daga cikinsu, a sassauta ɗaurin nan take. A kwantar da ƙafar daidai da jiki. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A nemi mota a nufi Babban Asibitin Gumel, ko da tsakar dare ne. Wani lokaci likita sai ya tsaga tantanin nan don nama ya sami sarari jini ya wuce. Kada a ji tsoron wannan aiki. Tabo ya fi nakasa sauƙi. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, tun farko asibiti za a kai ta.

Haka kuma saran maciji. Yawancin sara a ƙafa yake, musamman da damina da lokacin girbi. Mutane sukan ɗaure ƙwauri da igiya ko roba tam, wai don kada dafi ya hau. Ɗaurin nan ba ya tsare dafi yadda ake zato, amma yana iya kashe nama. Kada a ɗaure, kada a tsaga. A hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

IN HANYAR SAƘO TA YANKE

Tsoka tana iya zama da jininta lafiya, amma ta daina aiki don saƙo ba ya isa gare ta. Jijiyar saƙon ƙwauri daga nesa take zuwa. Daga ƙasan baya ta fito, ta ratsa tsakiyar ɗuwawu, ta bi bayan cinya. A bayan gwiwa wani reshe ya kewayo ta ƙasan ɗan ƙullutun nan da ka laluba ɗazu. A wurin nan fata ce kaɗai ta rufe ta. Daga nan ta nutse cikin ɗakin gaba. Abubuwa da yawa suna iya taɓa ta a hanya.

Allura a wurin da bai dace ba. In aka soka allura a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasansa, tana iya samun jijiyar. Yaro ya je da zazzaɓi, ya dawo yana jan ƙafa. Ƙwararren ma'aikacin lafiya yakan yi ta can sama ta gefen waje. Ƙananan yara kuwa a gefen cinya ake yi musu. Iyaye mata, kada ku miƙa ɗanku ga mai yawo da jaka yana allura. Kuma ba kowane ciwo ne sai da allura ba. Sau da yawa ƙwaya ko maganin ruwa ya isa.

Shan inna. Ƙwayar cuta ce, ba iska ba ce. Ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Tana kashe tushen jijiyar saƙo a cikin laka. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kamawa. Cikin mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kamar ɗaya ne ke shanyewa har abada. Babbar tsokar ƙwauri tana cikin tsokokin da cutar ta fi kashewa. A shekarar 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya, a Jihar Borno. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da wannan nau'i. Amma akwai wani nau'in da kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Don haka ɗigon baki bai ƙare ba. Ana ba jariri da haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da duk lokacin da masu rigakafi suka zagayo gida gida. Mu da ke bakin iyaka, mutane suna shiga suna fita tsakaninmu da Nijar kullum, mu ya fi kamata mu kula. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa.

Kuturta. Ita ma ƙwayar cuta ce, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Jijiyoyin saƙo da ke kusa da fata take kamawa, har da wadda ke gefen gwiwa. Alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske, kuma ba ya jin taɓi. Tana warkewa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. Ana shan sa wata 6 ko wata 12. In an zo da wuri, likita yana da maganin da zai iya ceto jijiyar kafin ta mutu. Ɓoyewa don kunya ita ke kawo nakasa.

Dogon tsugunno. Mai roron gyaɗa ko mai tsinkar zoɓo da ya wuni a tsugune yana matse jijiyar a gefen gwiwa. Haka mai ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na dogon lokaci, da majinyacin da ya daɗe kwance ta gefe guda. Irin wannan yawanci yana warkewa cikin makonni ko watanni. Maganinsa a riƙa miƙewa ana sake zama.

Ciwon sukari, da ciwon ƙashin baya, da shanyewar ɓarin jiki, su ma suna iya sa ƙafa ta saki. Likita ne zai bambance.

GWAJI A GIDA

Ga gwaji uku da ba sa cin ko kwabo.

1. Tsaya ka dafa bango. Ɗaga yatsun ƙafa biyu, ka yi taku goma a kan diddige. In ƙafa ɗaya ta kasa, akwai magana.

2. Zauna. Wani ya danna babban yatsanka ƙasa, kai kuma ka ɗaga shi sama. A gwada dama da hagu. Ya kamata ƙarfinsu ya zo ɗaya.

3. Rufe ido. Wani ya shafa auduga ko gashin kaza tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ya kamata ka ji.

Uwargida, ki riƙa duban takalmin yaranki. In bakin ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, ko yaro yana yawan tuntuɓe da ƙafa guda, ki gaya wa maigida a kai shi a duba.

IN ƘAFA TA RIGA TA SAKI

Kada a fid da rai. Kada kuma a bar ƙafar haka. In naman gaba ya daina ja, naman baya yakan rinjaye shi. Sannu a hankali agarar diddige ta gajarce, ƙafa ta sandare tana duban ƙasa. Don a hana wannan, kullum safe da yamma a zauna a miƙe ƙafa, a rataya zane a tafin ƙafa, a ja shi wajen jiki a hankali.

Akwai takalmin roba na musamman mai riƙe ƙafa a tsaye. Akwai kuma mai sauƙi, wanda ake yi da ɗamara a ƙasan gwiwa da robar tayar keke da ke jan bakin takalmi sama. Ma'aikatan gashin ƙashi a asibiti su ne za su auna su nuna yadda ake sa shi. Wanda ƙafarsa ba ta jin zafi kada ya yi tafiya ba takalmi. Ya riƙa duban tafin ƙafarsa kullum, don ƙaya ko ƙusa na iya shiga bai sani ba.

Likitocin ƙashi kuma suna da wani aiki. Sukan ciro agarar wata tsoka mai rai daga bayan ƙwauri, su kewayo da ita gaba, su dasa ta a saman ƙafa. Sai ta koyi aikin wadda ta mutu. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, nan ne babban wurin ayyukan ƙashi a yankinmu. A fara zuwa asibitin kusa, su za su ba da takardar zuwa can. Abin da na gaya wa saurayin nan ke nan kafin mu rabu.

TAMBAYOYI DON AJI

Malamai, a karanta wannan tare da ɗalibai, kowa ya taɓa ƙwaurinsa. Sannan a amsa waɗannan a littafin rubutu:

1. Tsoka nawa ce a gaban ƙwauri, kuma mene ne aikinsu?

2. Faɗi jijiya iri uku da aikin kowacce.

3. Rubuta alamu uku da ke nuna ɗori ya matse.

4. Me ya sa ba a yin allura a tsakiyar ɗuwawu?

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya karatu ba tukuna, musamman mai ɗorin garinku da masu zuwa kara ran kasuwa. Allah Ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.